Gwauro A Birnin Rum, Gwauro A Magajiya

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa babu wanda ya kai gwauro shan ba'a idan watan azumi ya kwana goma. Da zarar an sha ruwa, an sallame asham, sai yara su fito da gwangwanaye da gemun auduga, su bi gida-gida suna tashe, kuma a cikin wasanninsu kaf babu mai farin jini kamar na gwauro. A birnin Kano ma har sarauta aka yi wa abin, watau Nalako, sarkin gwauraye, wanda yakan fito da igiyarsa da mabiyansa ya farauto mazan da azumi ya riska babu mace a ɗaka, ya zaga gari da su, ana kiɗa, jama'a na shewa. Masana al'ada sun ce kalmar tashe daga tashi ta samo asali, domin da can makaɗa ne ke zagawa cikin dare suna tashin mutane su yi sahur, shi kuwa gwauro ba shi da mai tashinsa, balle mai ɗumama masa tuwo.

Bahaushe ya kasa marasa aure kashi biyu. Tuzuru shi ne wanda ya isa aure, har ya gota, bai taɓa yi ba. Gwauro kuwa shi ne wanda ya taɓa yi, matar ta fita ko ta rasu, bai mayar da wata ba. Amma a bakin yara masu tashe duk kanwar ja ce, wanda ba shi da mata gwauro ne, kuma abin dariya ne. Manufar wasan ba ɓoyayya ba ce: a kunyata mutum da raha har ya tashi ya nemi aure, domin dai da wasa ake faɗa wa wawa magana.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai wata ƙasa a Turai wadda ta shafe fiye da shekara 20 tana irin wannan tashe, sai dai ita a allon silima ta yi nata. Wannan ƙasa ita ce Italiya. Tun daga farkon shekarun 1950 har zuwa tsakiyar shekarun 1970 masu shirya finafinai na can suka tasa namijin ƙasarsu a gaba da barkwanci, suka fara da marar aure kamar yadda Nalako yake yi, amma da tafiya ta yi tafiya sai suka kutsa har cikin gidan mai aure. A wannan wuri ne tashensu ya rabu da na Hausawa, a nan ne kuma akwai abin dubawa.

Tsofaffin 'yan kallo na Kano da Kaduna da Jos sun san finafinan Italiya ba tare da sun san na Italiya ba ne. Da yawa daga cikin finafinan kaboyi da aka yi yayinsu, irin su Django na shekarar 1966, Italiyawa ne suka shirya su, ana nan ana ɗauka daga Amurka suka zo. A shekarar 1937, shekarar da aka buɗe silimar Rex a Kano, a ita ce aka buɗe Cinecittà, babbar ma'aikatar shirya finafinai ta birnin Rum. To amma finafinan barkwancin ƙasar ba su yi suna a nan ba, domin armashinsu a magana yake, su kuwa Kwarorin da ke kawo finafinai sun fi son mai harbi da doki, ko na Indiya mai rawa da waƙa, wanda ko ba a jin harshen za a gane inda aka dosa.

HARAJIN GWAURO

Kafin a fahimci dalilin da ya sa Italiyawa suka ɗauki zancen aure da mazantaka da zafi haka, sai an koma zamanin Musolini, wanda ya mulki ƙasar daga 1922 zuwa 1943. Shi wannan shugaba ya yi imani cewa ƙarfin ƙasa yawan sojojinta ne, yawan sojoji kuwa sai da yawan haihuwa. A cikin wani jawabi da ya yi a watan Mayu na 1927 ya nemi jama'ar ƙasar su ƙaru daga miliyan 40 zuwa miliyan 60 kafin tsakiyar ƙarni. A wannan shekara ce kuma aka fara karɓar harajin rashin aure daga hannun duk namijin da ke tsakanin shekara 25 da 65 wanda bai ajiye iyali ba, ban da limaman coci da wasu 'yan tsiraru da doka ta ɗauke wa. Watau abin da Nalako yake yi da igiya sau ɗaya a shekara, shi gwamnatin Musolini ta yi da takardar haraji.

Shi kansa shugaban ya mayar da jikinsa abin talla. Akan ɗauki hotonsa ya tuɓe riga yana sussukar alkama tare da manoma, ko yana kan doki, ko ya turo ƙirji a saman bene yana yi wa jama'a tsawa. Haka aka raini samarin zamanin, cewa namiji shi ne mai ƙaton murya, mai yawan mata, wanda ba ya nuna tsoro. Amma duk da harajin, haihuwa ba ta ƙaru yadda aka so ba, yaƙin duniya na biyu kuma ya zo ya bar ƙasar a rushe, aka soke harajin a 1943 bayan faɗuwar mai shi. Mutanen da suka ga inda cika baki ya kai su, su ne suka fito bayan yaƙi suka ɗauki na'urar ɗaukar hoto. Ba mamaki da suka sami abin dariya a jikin namiji mai fankama, domin sun riga sun gani da idonsu cewa fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

MANYAN MARUƘA

A shekarar 1953 Federico Fellini ya fito da wani fim mai suna I vitelloni, ma'anarsa manyan maruƙa, watau ɗan saniyar da ya girma ya yi ƙaho amma bai daina bin nono ba. Labarin wasu samari biyar ne a wani ƙaramin gari na bakin teku, sun doshi shekara 30, ba sana'a, ba aikin fari balle na baƙi, sai zaman shagon shayi da yawon dare da zancen mata. Ɗaya daga cikinsu, Alberto, 'yar'uwarsa ce ke aiki tana ciyar da gidan, a hannunta yake karɓar na kashewa, amma shi ne mai yi mata faɗa a kan mutuncin gida. Akwai wani wuri a fim ɗin da Italiyawa ba su manta da shi ba har yau: Alberto yana cikin mota tare da abokansa, suka wuce leburori suna gyaran hanya, sai ya leƙo ya yi musu gwalo da baƙar magana. Ba su yi nisa ba motar ta mutu, leburorin suka biyo su da gudu, gogan naka ya ranta a na kare.

Wanda ya fito a matsayin Alberto shi ne Alberto Sordi, haifaffen birnin Rum a 1920, kuma shi ne ya zama madubin da namijin Italiya ya dinga kallon kansa a ciki har tsawon shekara 40. A 1955 ya fito a fim ɗin Antonio Pietrangeli mai suna Lo scapolo, wanda in da Bahaushe ne ya raɗa masa suna da Tuzuru zai ce. A ciki shi akanta ne mai suna Paolo, suna sayar da kayan lantarki shi da abokinsa, gida ɗaya kuma suke zaune. Ran nan abokin ya yi aure, dole Paolo ya kwashe komatsansa ya koma ɗakin haya. Da rana yana cika wa mutane baki cewa shi ba mai ɗaure shi, aure kurkuku ne, mata ne ke binsa yana gudu. Da dare kuwa sai a gan shi yana buga waya nan da can yana neman wanda zai taya shi hira, babu mai amsawa. A ƙarshe dai kaɗaici ya ci ƙarfinsa ya yi aure, amma mai kallo zai lura ba rashin matar ake yi wa dariya ba. Ƙaryar da yake yi wa kansa ce abin dariyar, da tsoron da yake ɓoyewa a ƙarƙashin kuri. Abin mamaki, shi Sordi ɗin bai taɓa aure ba har ya mutu a 2003, kuma wannan bai hana dubban mutane fitowa jana'izarsa ba.

Shekara bakwai bayan haka, a 1962, Dino Risi ya kawo gwauro na sosai a cikin Il sorpasso, watau wuce mota a kan hanya. A lokacin Italiya ta shiga wadata, masana'antun Turin da Milan suna ta ɗiban ma'aikata daga ƙauyukan kudu, kowa burinsa mota da firji. Vittorio Gassman ne ya fito a matsayin Bruno, mutum ɗan kimanin shekara 40, mai ƙaramar mota Lancia marar rufi da ƙahon da ke firgita mutane. Ranar hutun 15 ga Agusta ya tsinci wani ɗalibin shari'a mai kunya, Roberto, ya ja shi yawo, yana koya masa yadda ake zama namiji: gudu da mota, cin bashi, da tare mata da surutu. Ɗalibin ya shagala, mai kallo ma ya shagala, sai can aka gano ashe Bruno yana da matar da suka rabu, da 'ya budurwa wadda ba ya cikin rayuwarta. A ƙarshen fim ɗin ya yi ƙoƙarin wuce wata mota a kan kwana, suka yi hatsari, shi ya tsira, yaron ya mutu. Da ɗan sanda ya tambaye shi sunan mamacin, sai ya tarar ko sunan mahaifinsa bai sani ba. Nan dariya ta tsaya wa kowa a maƙogwaro.

CIKIN GIDAN MAI AURE

Wani marubuci ɗan tsibirin Sisili, Vitaliano Brancati, shi ya yi wa wannan hali suna da harshensu, daga kalmar da ke nufin zakara: namiji ya dinga cara yana baza fukafukai don maza 'yan'uwansa su ji. Cara kuwa ba ta ƙare ranar ɗaurin aure, shi ya sa masu finafinan ba su tsaya a ƙofar gwauro ba.

A 1961 Pietro Germi ya shirya Divorzio all'italiana, watau saki irin na Italiya, wanda daga sunansa ne aka samo sunan da ake kiran wannan rukuni na finafinai gaba ɗaya. A wancan zamani babu saki a dokar ƙasar, saboda ƙarfin cocin Katolika. Amma akwai sashe na 587 na dokar laifuffuka, wanda ya ce mutumin da ya kama matarsa ko 'yarsa ko 'yar'uwarsa da wani namiji, ya kashe ta cikin fushi don kare mutuncinsa, ɗaurin shekara uku zuwa bakwai ne kawai a kansa. Marcello Mastroianni ya fito a matsayin wani basarake na Sisili wanda arzikin gidansu ya karye, ya gaji da matarsa bayan shekara 12, idonsa ya faɗa kan wata yarinya 'yar danginsu. Tun da ba halin saki, sai ya zauna ya ƙulla yadda matar za ta faɗa hannun wani, don ya sami hujjar kashe ta. Ya yi gashin baki, ya shafe kai da mai, yana tafiya a kasuwa da taƙama, alhali zuciyarsa ta ɓera ce. Garin kuma gaba ɗaya, da dattawa da lauyoyi da 'yan zaman kashe wando, su ne ke zuga shi ya wanke sunan gidansu. Ya aikata, aka ɗaure shi shekara uku, ya fito ana yi masa maraba kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta tsara labari a 1963.

Ba wanda zai ce fim kaɗai ne ya canza doka. Akwai mutane na gaske da suka sa wuyansu, kamar Franca Viola, wata yarinya 'yar garin Alcamo da aka sace a ƙarshen 1965, ta ƙi yarda ta auri wanda ya sace ta ko da yake doka ta ce in ta aure shi laifinsa ya faɗi, ta tsaya har kotu ta ɗaure shi. Amma dariya ta yi nata aikin, domin abin da jama'a suka taru suka yi wa dariya a silima da wuya su sake ganin girmansa. A watan Disamba na 1970 majalisar Italiya ta halatta saki, a 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama kusan kashi 59 cikin 100 suka ce a bar dokar, a 1981 kuma aka soke sassaucin kisan kare mutunci tare da auren wanke laifi.

GWAURAYEN SULEJA

To, mai karatu zai ce ina ruwan Magajiya da wannan dogon labari? Ruwanta kuwa da yawa, domin Suleja gari ne da ya tara maza masu kwana su kaɗai. Garin tsoho ne, Abu Ja ne ya kafa shi a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya, sunansa kuma garin ya ci, watau Abuja. A 1976, da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko, sai sabon birnin ya karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko da suka zo aikin gina birnin a Suleja suka sauka, har yau akwai unguwar da ake kira Field Base saboda su. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, sai aiki ya koma can, amma kuɗin hayar can ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara koro dubban mutane zuwa Zuba da Madalla da Suleja.

Saboda haka duk wanda ya fito bakin titi bayan sallar asuba zai ga maza tururu suna rububin mota, masinjoji da direbobi da masu gadi da birkiloli da ƙananan akawuna, su wuce gindin Dutsen Zuma tun gari bai waye ba, ba su dawo ba sai bayan isha'i. Wasunsu tuzurai ne da suka haura 30 suna tara kuɗin lefe, kullum suka kusa sai farashi ya ƙara gaba. Wasu kuma gwaurayen dole ne, suna da mata da 'ya'ya a Katsina ko Kwantagora ko Zariya, ba sa ganinsu sai ƙarshen wata ko ranar salla. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, mafi ƙarancin albashi kuwa da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne, a ciki za a ci, a biya haya, a hau mota, a aika gida. Wanda ya zauna ya yi wannan lissafi zai gane cewa tuzurun Magajiya ba ɗan maraƙin Fellini ba ne. Shi wancan 'yar'uwarsa ce ke ciyar da shi, wannan kuwa shi ke ciyar da 'yan'uwansa.

A wani azumi da bai daɗe da wucewa ba, a wani gidan haya na unguwar mai ɗakuna a jere suna kallon juna, yara masu tashe suka shiga bayan asham. Ba su yi wata-wata ba suka nufi ɗakin ƙarshe, inda wani masinja ɗan shekara 34 yake zaune, mutumin da kowa a gidan ya san shi ke biya wa ƙannensa uku kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifinsu. Suka kafa gwangwanayensu a bakin ƙofa suka fara. Mai gidan, wani Alhaji mai rufin asiri, yana kan tabarma a tsakar gida yana dariya har da riƙe ciki, ya zaro kuɗi ya miƙa wa babbansu ya ce, "Ku ƙara masa, 'ya'yana, kada ku raga masa sai ya ji kunya."

Masinjan ya ɗaga labule ya fito da murmushi, ya ba su abin da ya sawwaƙa, ya ce, "Na gode, samari. Ku taya ni da addu'a, Allah Ya sa baɗi ku tarar da mai ba ku ƙosai a ɗakin nan."

Sai aka ji murya daga cikin gida, ta yayar Alhajin, wata dattijuwa da ta zo yin azumi wurinsa. Ta ce, "Alhaji, kai da ka sallami mata huɗu cikin shekara goma, wa zai yi maka naka tashen?"

Ya ce, "Haba Yaya, ai ni ban taɓa kai azumi babu mace a gidana ba."

Ta ce, "Na sani, ƙanena. Su huɗun fa, a gidan wa suke azumi? 'Ya'yan da suka tafi da su, wa ya ɗinka musu kayan salla?"

Tsakar gida ta yi tsit. Yaran suka dubi juna, suka dubi Alhaji, suka tattara gwangwanayensu suka fita. Ba tsoro ne ya kore su ba, waƙar da za su yi masa ce babu, domin ba a taɓa ƙaga ta ba. Suna da ta tuzuru, suna da ta gwauro, suna da ta tsoho da ta malam da ta mai magani, amma mai auri-saki ya tsira, saboda a ma'aunin da aka gada duk wanda ke da mace a ɗaka cikakken namiji ne, ko ta goma ce a jere.

INDA DARIYA TA KAMATA TA DOSA

Ciwon kowace ƙasa daban ne. Italiya ta wahala da rashin saki, ƙasar Hausa kuwa yawansa ne ya dame ta. A farkon 2009 zawarawan Kano sun shirya fitowa zanga-zanga a kan halin da suke ciki, Hukumar Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin jihar ta fara aurar da zawarawa da ma'aurata 100, a watan Oktoba na 2023 kuma aka ɗaura na mutum 1,800 da angwayensu a rana ɗaya. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya kawo shawarar dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali tara mata, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Duk waɗannan alamu ne na abu guda: kusan duk gwauron da saki ya samar, akwai bazawarar da ya bari a baya. Shi ba'ar 'yan kwanaki yake sha a shekara, da raha da kyauta, ita kuwa wata goma sha biyu take shan tsegumi, ga 'ya'ya a gabanta.

Babu mai musun cewa aure sunna ce, kuma shi ne mutuncin namiji da mace. Amma malamai suna karantar da cewa umarnin ga mai iko ne, wanda bai sami iko ba an hore shi da kame kai da yin azumi. Abin ban dariya na gaskiya ke nan, a ce a cikin watan azumi ne ake tasa mai bin wannan horo a gaba, a bar wanda ya ɗauki amanar 'yar mutane ya yar a kan tuwon da bai ji gishiri ba.

Ba kuwa cewa Bahaushe bai iya yi wa manya dariya ba ne. A fadojin sarakuna an yi wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu, a yi dariya, mai laifi ya gane kansa ya gyara. A cikin tashen 'yan mata akwai Mairama da Daudu, inda ake kwaikwayon zaman miji da mata. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shafe shekaru a rediyo da telebijin na Kaduna yana fitowa a Samanja Mazan Fama, yana nuna wa soja kansa da hargaginsa, a zamanin da sojan ne ke mulki. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya ƙware wajen fitowa a matsoracin da ya fi kowa kurari, irin wanda da ya ga Alberto yana gudun leburori da ya gane ɗan'uwansa. Kayan aikin duk suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a juya su ga maigida mai rawani da carbi, wanda ke auna mazantakarsa da yawan igiyoyin da ya ɗaura ya tsinke, a nuna shi yadda Germi ya nuna basarakensa, tare da 'yan majalisar ƙofar gida masu zuga shi cewa namiji ba ya lallashi.

Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai an kawo masa madubi, madubin da ya fi shiga kuwa shi ne na raha, domin wa'azi yakan sa mutum ya ɗaure fuska, dariya kuwa kafin ya ankara ta riga ta shige shi. Wannan shi ne abin da Italiyawa suka gane bayan sun sha wuya. Ba su daina yi wa tuzuru ba'a ba, amma sun raba tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya rasa, suka kuma bi mai cara har ɗakinsa. Masu rubuta finafinan Hausa a Kano da Kaduna da Jos, da malaman makaranta masu shirya wa yara wasan kwaikwayo, da su kansu iyayen da ke koya wa 'ya'yansu waƙoƙin tashe, suna da wannan dama a hannunsu. Igiyar Nalako ta daɗe tana kama mai ƙaramin laifi, lokaci ya yi da za a ƙara mata tsawo.

Allah Ya hore wa tuzuru abin yi, Ya haɗa gwauron dole da iyalinsa, Ya ba mai aure haƙurin riƙewa.